Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a sama, kuma me ya sa lissafin tikiti ke ruɗa mutane?

Maman Hanan: Assalamu alaikum. Masana harkar jirage na wannan zaure, a taimaka da bayani. Tikitin Umara ne daga Kano zuwa Jidda kai tsaye. An rubuta tashi 11:00 na dare, sauka 7:30 na safe, wato awa 8 da rabi. Na dawowa kuma tashi 9:30 na safe, sauka Kano 2:00 na rana, awa 4 da rabi. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, ta yaya zuwa zai kusan ninka dawowa? Kuma iyayenmu da suka je shekarun baya cewa suke awa 4 da rabi ne.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba a yi kuskure a tikitin ba. Ƙa'idar kamfanonin jirage ita ce kowane lokaci ana rubuta shi da agogon garin da abin zai faru. Lokacin tashi agogon Kano ne, lokacin sauka agogon Jidda. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2 cif, rani da damina, don babu wadda take juya agogo a cikinsu. To 7:30 na safe a Jidda, 5:30 na asuba ne a Kano. Daga 11:00 na dare zuwa 5:30, awa 6 da rabi ke nan. A dawowa, 9:30 na Jidda 7:30 ne a Kano, daga nan zuwa 2:00 na rana, shi ma awa 6 da rabi. In za ki tafi ki cire 2, in za ki dawo ki ƙara 2. Mutanen Nijar da Chadi da Kamaru lissafinsu ɗaya da namu. Na Ghana 3 za su cire, su ƙara 3.

Maman Hanan: Na gane wannan, Allah ya saka. Amma sai wata tambayar ta taso. In awa 6 da rabi ne, ina awa 4 da rabin da aka sani?

Kyaftin: Nan ne ainihin maganar, Hajiya. Iyayenki gaskiya suka faɗa miki, tikitin ma gaskiya ya faɗa. Hanyar ce ta sauya.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in aka ja zare a kan ƙwallon duniya, nisan kimanin kilomita 3,420 ne. A ma'aunin matuƙa mil ɗin teku 1,850 ke nan, don kowane mil ɗin teku mita 1,852 ne. Kada a haɗa shi da mil ɗin hanya, wanda yake mita 1,609, da shi nisan zai zama kusan mil 2,125. Wasu shafukan suna rubuta "mil" kawai ba su faɗi wanne ba, daga nan gardama take farawa.

Jirgi yana barin Kano ya fuskanci gabas da ɗan karkata arewa, kimanin digiri 68 a kamfas. Kusan alƙiblar da muke salla ce a Kano, tunda Jidda da Makka maƙwabta ne. Zaren yana ratsa yankin Diffa, ya wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ya keta Chadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya haye Kogin Nilu arewa da Khartum, ya faɗa Bahar Maliya, sai Jidda.

Amma jirgi ba ya bin zaren nan daidai. Sama ma tana da hanyoyinta, daga wannan alama zuwa waccan, kuma kowace ƙasa tana da ƙofofin da ake shiga da fita. Wannan kan ƙara kashi 3 zuwa 5 cikin 100, sai a ce kilomita 3,550. Babban jirgi irin A330 yana gudun kimanin kilomita 870 a awa in ya daidaita a sama. Raba 3,550 da 870, awa 4 da minti 5. Hawa da sauka ba a yin su da wannan gudun, a ƙara minti 20. Tafiya a ƙasa daga wurin ajiye jirgi zuwa titi, can ma daga titi zuwa wurin tsayawa, wani minti 20. An samu awa 4 da minti 45. Abin da kamfani ke rubutawa a tikiti shi ne daga lokacin da aka cire waigin taya aka tura jirgi baya har zuwa lokacin da aka mayar masa da waigi a can. Fasinja kuwa daga barin ƙasa yake fara ƙirga, shi ya sa yake cewa 4 da rabi.

Sauran kusan awa 2 ɗin yaƙin Sudan ne ya kawo su. Tun da faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, kuma kaso mai yawa na hanyar nan a kan Sudan yake.

Ɗan Damagaram: Kyaftin, ranka ya daɗe, a nan ban gamsu ba. Duba taswira. In Sudan ce matsala, ai sai a ɗan kauce ta arewa, a bi Chadi, a taɓa kusurwar Libiya, a shiga Masar ta kudu, a haye teku. Wannan ba zai ci awa 2 ba. Ni ina ganin kamfanoni sun sami dalilin ƙara kuɗi ne kawai.

Kyaftin: Lissafinka na taswira daidai ne, ɗan uwa. In aka bi ta mahaɗar Libiya da Masar da Sudan, aka tsaya arewa da layin digiri 22 wanda shi ne iyakar Masar da Sudan, ƙarin a kan takarda bai kai kilomita 200 ba, abin da bai wuce kwata na awa ba. Matsalar ita ce wannan kusurwar ta Libiya. Tun rikicin 2014 hukumomin jiragen sama na ƙasashe da dama suka hana ko suka gargaɗi kamfanoninsu kan ratsa Libiya. Kamfanin inshora yana da ta cewa, mai jirgin da aka yi haya a wurinsa shi ma yana da sharuɗɗansa a rubuce, kuma yawancin jiragen jigilar alhazai na haya ne. Sannan ratsa kowace ƙasa sai da izini da kuɗin ratse. Wanda ya sami izinin bin arewa, tafiyarsa ba ta yi nisa da ta da ba. Wanda bai samu ba sai kudu.

Hanyar kudu kuwa doguwa ce ƙwarai. Kamaru, Afirka ta Tsakiya, arewacin Kwango, Yuganda, Kenya, Habasha, sannan a miƙe arewa a bi Bahar Maliya. Za ka ce me ya hana a yanke ta Sudan ta Kudu, tunda ƙasa ce dabam? Lokacin da yaƙin ya fara, saman Sudan ta Kudu daga ƙafa 24,500 zuwa sama Khartum ce ke kula da shi. Da cibiyar Khartum ta tsaya, can ma babu mai ba da umarni, sai daga baya aka tsara hanyoyin wucin gadi. Zagayen nan yana kai nisan kilomita 5,200 zuwa 5,300. A gudun 870, awa 6 ke nan, ka ƙara hawa da sauka da tafiyar ƙasa, ka ga inda 6 da rabi ta fito.

Injiniya: Bari in ɗora a kan maganar kuɗi, don Ɗan Damagaram ya ga ba zancen baki ba ne. A330 yana ƙona kusan tan 6 na mai a awa. Ƙarin awa 2 tan 12 ne, kimanin lita 15,000, a zuwa kawai. Boeing 747 ya fi tan 10 a awa. Kuma mai yana da wani hali: sai ka ƙona mai kafin ka ɗauki mai, don nauyin ƙarin da ka zuba shi ma ɗaukar sa ake yi tun daga Kano.

Kuma ba man tafiya kaɗai ake zubawa ba. Doka ta tilasta man tafiyar ƙasa, da ƙarin kashi 5 cikin 100 na ko-ta-kwana, da man da zai kai jirgi wani fili in Jidda ta ƙi saukuwa, galibi Madina ko Ɗa'ifa, da na ƙarshe na shawagin minti 30 wanda ba a so a taɓa shi sam.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ƙananan jirage. Boeing 737-800 tankinsa kimanin lita 26,000 ne, kusan tan 21, kuma iyakar nauyin da zai tashi da shi tan 79 ne. Jirgin kansa babu komai ya haura tan 41. A tsohuwar hanya yana zuwa cikin natsuwa. A hanyar kudu sai an kusan cika tanki, abin da ya rage wa mutane da kaya bai kai tan 18 ba. Mutum 180 da jakunkunansu na hannu kaɗai sun kusan cinye wannan. To ko a rage fasinja, ko a ya da zango a sha mai, wanda ke cin aƙalla awa guda, ko a bar manyan jakunkuna su biyo wani sawun. In kuka ji alhazai sun sauka kayansu ba su iso ba, sau da yawa sikeli ne ya yanke hukunci.

Kyaftin: Da ma'aikata kuma. A yawancin dokoki matuƙa biyu ba sa wuce awa 13 zuwa 14 a bakin aiki, in da dare ne ma ƙasa da haka. A tsohuwar hanya rukuni ɗaya zai iya kaiwa ya juyo, da kyar amma yana shiga. Awa 6 da rabi sau biyu, da awa 2 a ƙasa, da awa guda ta shiri, an kai 16. Dole a ƙara matuƙa ko a kwantar da wasu a Jidda. Jirgin da yake sawu biyu a kwana ɗaya ya koma ɗaya da ɗan wani abu, jigilar gaba ɗaya ta ja.

Ɗan Damagaram: Na karɓi wannan. To ga wata. Tunda duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, mai dawowa daga Jidda ai Kano ce ke tahowa ta tarye shi. Bai kamata dawowa ta fi sauri ba?

Baban Sadiq: A'a, akasin haka ne ma. Zuwa gabas ya fi sauri kullum saboda iskar sama daga yamma take busowa. Duba Landan da New York, dawowa Landan ta fi gajarta da kusan awa guda.

Mai Hasashen Yanayi: Dukkanku biyu akwai gyara, ku yi haƙuri. Juyawar duniya ba ta tarar da jirgi da komai, domin iskar da jirgin yake ciki tare take juyawa da ƙasa, shi ma jirgin da wannan gudun ya tashi. Abin da ke ƙara masa ko ya rage masa shi ne motsin iska a kan ƙasa.

Baban Sadiq kuma, kalmar "kullum" ce ba ta zauna ba. Misalin Landan gaskiya ne, amma can nesa ne da tsakiyar duniya, inda iskar yamma take mulki duk shekara. Hanyarmu tsakanin digiri 12 ne da 22 arewa da tsakiyar duniya, kuma nan iskar sama tana bin kaka. Da hunturu, daga Disamba zuwa Maris, babbar iskar yamma tana saukowa ta kan Libiya da Masar da arewacin Saudiyya, gefenta yana taɓa hanyarmu. A lokacin mai zuwa Jidda iska na tura shi, mai dawowa yana kokawa da ita. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, waccan ta janye arewa, sai wata iska mai ƙarfi daga gabas ta kafu a can sama, tana tasowa daga wajen Indiya ta ratsa Habasha da Sudan da Chadi har kanmu. A lokacin mai zuwa ne yake shan wahala, mai dawowa ya sami turi.

Ga yadda take a lissafi. A ɗauki iska mai gudun kilomita 60 a awa. In tana baya, jirgin 870 yana cin ƙasa da 930, kilomita 3,500 a awa 3 da minti 46. In tana gaba, 810, awa 4 da minti 19. Fiye da rabin awa tsakani, jirgi ɗaya, hanya ɗaya. Shi ya sa lokacin da matuƙi ya sanar bayan an rufe ƙofa ya fi na tikiti inganci, don nasa da iskar ranar aka lissafa shi, na tikiti kuwa tun watanni aka buga.

Sai hadari. Gajimaren damina a yankinmu yana tashi ya wuce ƙafa 45,000, jirgin fasinja kuma yana tsakanin 33,000 da 41,000, ba ya iya haye shi. Kauce masa ake yi, da tazarar mil ɗin teku 20 ko fiye. Hanyar kudu ta fi fama da wannan domin tana bi ta kan Afirka ta Tsakiya da Kwango, inda hadari ba ya yankewa.

Injiniya: Yanayi yana taɓa tashi ma, ba tafiya kaɗai ba. Filin Kano yana kan tudun kusan mita 475 daga teku, babban titinsa kimanin mita 3,300. In zafi ya haura digiri 40 a Afrilu, iska tana yin sako-sako, injin ba ya ba da cikakken ƙarfi, fiffike ba ya samun abin riƙewa da wuri, sai nauyin da aka yarda jirgi ya tashi da shi ya ragu. Wannan na cikin dalilan da ake son tashin dare ko asuba ga jirgi mai cike. A lura kuma, Hajji yana matsowa da kwana 10 zuwa 11 duk shekara. Arfa ta 2023 ranar 27 ga Yuni ce, ta 2024 ranar 15 ga Yuni, ta 2025 ranar 5 ga Yuni. Jigilar zuwa kan fara kusan wata guda kafin nan, wato tana shiga tsakiyar bazara. Bayan wasu shekaru kuma za ta faɗa cikin hazo, lokacin da ƙura ke rufe Kano da Maiduguri da Sakkwato har jirgi ya kasa sauka ya ɗauki mutane.

Hajiyar Tamale: Sannunku da ƙoƙari. A ba mu na sauran garuruwa mana, ba kowa ne ke tashi daga Kano ba.

Kyaftin: To Hajiya, a miƙe zuwa Jidda, ba tare da zagaye ba: Maiduguri kimanin kilomita 2,980, Abuja 3,690, Sakkwato 3,725, Yamai 4,010, Legas 4,200, Tamale 4,480. Abuja ta ɗan fi Sakkwato kusa duk da tana kudu, domin ta fi ta gabas, kuma tafiyar nan gabas ce mafi yawanta. Kano zuwa Madina 3,560, ƙarin minti 10 a kan Jidda. Hanya mai sauƙi: raba nisan da 850, ki ƙara minti 40, kin sami lokacin tikiti na hanyar da babu zagaye. In abin da aka rubuta miki ya zarce haka da fiye da awa guda, akwai zagaye ko zango.

Malam na Zariya: Allah ya yi muku albarka. Akwai abin da wannan lissafi ya shafa wanda ya fi jinkiri muhimmanci, shi ne miƙati. Wanda zai sauka Madina da farko babu damuwa, a Zul Hulaifa zai ɗauki harami in zai fita zuwa Makka. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka shi ne abin lura. Mai zuwa ta Masar ko ta arewacin teku yana daidaita da Juhfa, kusa da Rabig, kimanin kilomita 180 daga Makka. Mai zuwa ta kudu, ta Habasha, yana daidaita da Yalamlam, miƙatin mutanen Yaman. Kun ga sauyin hanya ya sauya miƙatin da ake saitawa. Akwai malaman da suka yi sauƙi a kan ɗaukar harami a Jidda ga wanda ya zo ta yamma, akwai waɗanda ba su yarda ba, kuma fita daga saɓani ya fi. Kyaftin, a faɗa mana yadda abin yake ta fuskar jirgi.

Kyaftin: Allah ya gafarta Malam. Jirgi a sama yana cin kusan kilomita 14 a minti ɗaya. Wanda ya ce bari ya gama shan shayi, minti 5 ya wuce kilomita 70. Sannan saukowa tana farawa da nisa. Ƙa'idarmu mil ɗin teku 3 ga kowace ƙafa 1,000, wato daga ƙafa 35,000 ana fara gangarowa tun saura kusan kilomita 200, kimanin rabin awa kafin taya ta taɓa ƙasa. Daidai wannan lokacin ne ake kusantar miƙati, kuma cikinsa ne ake kunna fitilar ɗamara, a ce kowa ya zauna, a rufe banɗaki. Mutum 300 da banɗaki 7 ko 8, kowanne da kyar mutum yake juyawa a ciki, ba zai yiwu a ce a nan za a tuɓe a ɗaura ba. Abin da ke aiki shi ne a yi wanka a gida ko a sansani, namiji ya ɗaura zanen ƙasa tun kafin ya hau, ya sa riga a kai saboda sanyin jirgi, mayafin kuma ya kasance a jakar hannu, kada ya shiga jakar awo. In an yi sanarwar farko sai ya cire riga a kujerarsa ya yafa. Ba kowane jirgi ne ke sanarwa ba, musamman in ta wata ƙasa aka biyo, don haka in an ce saura minti 45 a sauka, a shirya.

Malam na Zariya: Madalla. Yin niyya kaɗan kafin a daidaita da miƙati ya inganta, wuce shi babu harami ne ke jawo jini, wato yanka dabba, ko komawa. Sai salla. Tikitin Maman Hanan ya ce sauka 7:30. Rana tana fitowa a Jidda tsakanin 5:40 a Yuni da 7:05 a Janairu, ke nan ko wane wata ne Asuba a sama za ta same ta. Kada a jira sauka, kada kuma a dubi agogon hannu da ke kan lokacin gida. A dubi alfijir ta taga, a riƙe alwala tun daga ƙasa in da hali. Mai azumi a Umarar Ramadan shi ma da ranar da idonsa ke gani zai yi aiki.

Mai Hasashen Yanayi: Ƙarin bayani a kan wannan, Malam. A tsayin ƙafa 35,000 rana tana jinkirin faɗuwa da minti 12 zuwa 15 a kan garin da ke ƙasanka, alfijir kuma yana riga. Mai dawowa yamma da la'asar yana bin rana ne, yininsa zai iya ƙaruwa har kusan awa 2. Tsakanin Kano da Jidda digiri 30 ne da ɗoriya, kowane digiri minti 4 na rana, shi ya ba da awa 2 da minti 2 ko 3. A wannan hanyar bambancin agogo da na rana kusan ɗaya suke.

Baban Sadiq: Ga masu tunanin bin jirgin da ke ya da zango saboda sauƙin kuɗi. Ta Alƙahira, Kano zuwa can kimanin kilomita 3,100, daga can zuwa Jidda 1,215, jimla 4,300 da 'yan kai. Ta Addis Ababa, 3,330 da 1,410, jimla kusan 4,740, kafin a sa nasu zagayen, don su ma Sudan tana kan hanyarsu ko a gefenta. Wanda kai-tsayensa ta kudu yake bi, nisan da zai yi bai gaza na mai zango ba. Bambancin yana wurin jira. A duba awannin zangon da kyau, da agogon garin ake rubuta su. Habasha agogonta ɗaya da Saudiyya. Masar tana gabanmu da awa 1 da hunturu, amma tun 2023 ta dawo da juya agogo, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba tana gabanmu da 2. Zangon da bai kai awa 2 ba haɗari ne, jinkirin minti 40 a Kano ya isa ya sa a rasa jirgi na biyu. Kuma tafiyar duka ta kasance a tikiti ɗaya. In tikiti biyu ne dabam, ka makara, kamfani na biyu ba ruwansa, kayanka ma sai ka fita ka karɓa ka sake awo. A wurin awo a karanta takardar da aka liƙa wa jaka, a tabbatar JED (Jidda) aka rubuta a ƙarshe ko MED (Madina).

Hajiyar Tamale: Ni dai ga tsoho ko mai ciwon ƙafa ban ga abin da ya kai kai tsaye ba, ko da awa 7 ne. Sauka da hawa da jan jaka a filin da ba ka jin yarensu ya fi zaman kujera gajiyarwa.

Baban Sadiq: Gaskiya ne, Hajiya, amma zaman awa 6 da rabi ba motsi shi ma yana da nasa, jini kan daskare a ƙafa. A nema masa kujerar bakin hanya, ya miƙe duk bayan awa ɗaya ko biyu, ya riƙa motsa idon sawu yana zaune. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, tsofaffi kuma suna ƙin shan ruwa don gudun banɗaki, sai su sauka a galabaice. Mai shan magani a kan lokaci, irin na suga, ya bar agogo ɗaya a lokacin gida har ya sauka, maganin kuma a jakar hannu.

Ɗan Damagaram: Wannan hanyar ta Chadi da Sudan ai ita ce tsohuwar hanyar kakanninmu, da ƙafa da jaki har Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, wasu shekaru suke yi, wasu suka zauna can, su ne Hausawan Sudan na yau.

Kyaftin: Ita ce. Jiragen farko da suka sauka a Najeriya ma ta nan suka biyo. Jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar a ƙarshen Oktoba 1925, suka bi ta Khartum da Al-Fashir da Fort Lamy, wadda ita ce Njamena yanzu, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Kusan kwana shida suna tafe suna ya da zango.

Maman Hanan: Na ƙaru sosai, Allah ya biya ku. Abu na ƙarshe: ta yaya zan san hanyar da jirginmu zai bi tun kafin ranar, kuma ƙarfe nawa ya kamata a bar gida?

Kyaftin: Ki ɗauki lambar jirgin da ke kan tikiti, haruffa biyu da lambobi, ki sa a manhajar Flightradar24. Tana nuna sawun kwanakin da suka wuce kyauta, da layin da ya bi a taswira, da ainihin lokacin da ya tashi da wanda ya sauka. Ki duba sawu uku ko huɗu, kada ki tsaya a ɗaya. In layin ya gangara ta Yuganda, Yalamlam za ku saita, in ya hau ta Masar, Juhfa. A wasu wuraren hamada layin kan yanke ko ya zama ɗigo-ɗigo saboda babu na'urar da ke kama shi a ƙasa, wannan ba matsala ba ce.

Baban Sadiq: Barin gida kuma, a kasance a fili awa 4 kafin tashi a lokacin cunkoson Umara, don ana rufe awo awa guda kafin lokaci. Naki 11:00 na dare ne, babu ruɗani. Amma wanda nasa ya ce 00:30 ranar Talata, daren Litinin zai je fili, wajen 8:30, ba daren Talata ba. Wannan kuskuren yana cinye tikitin mutane duk shekara. A can kuma ki sa awa 1 zuwa 2 na duba fasfo da ɗaukar kaya, sannan kimanin kilomita 100 daga filin Jidda zuwa Harami, awa ɗaya da rabi a mota in hanya ta yi kyau. In kin bar gida 6:30 na yamma, ki sa ran shiga masauki a Makka wajen 11:00 na safe agogonsu, wato 9:00 a Kano, sai ki faɗa wa mutanen gida kada su fara kira kafin nan.